Zuwa aiki a kan keke a Kano: tambayoyi da amsoshi

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin zuwa aiki ya canja wa kowa. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Mai babur ya ji a jikinsa, mai hawa Adaidaita Sahu ya fi shi ji. Shi ya sa kekunan da aka jingine a soro shekara da shekaru suka fara fitowa. Ni a kan keke nake zuwa aiki, kuma ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa iyakar abin da na sani na kuma gani a titi.

Da gaske keke zai riƙa kai ni wurin aiki kullum, ko ɗokin kwana biyu ne?

Nisan ne zai yanke wannan hukunci. Mutumin da ba ɗan tsere ba, yana tuƙi a natse, yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa ɗaya. Ke nan tafiyar kilomita 5 ba za ta wuce minti 25 ba, ta kilomita 10 kuwa za ta ci kusan minti 45. A ganina duk wanda tsakanin gidansa da wurin aikinsa bai wuce kilomita 8 ba, keke zai ɗauke shi kullum ba tare da ya gaji da abin ba. Daga 8 zuwa 12 sai mai niyya. Abin da ya haura haka ya zama aikin ƙarfi kafin a fara aikin albashi, kuma ba na ba kowa shawarar ya ɗora wa kansa shi kwana biyar a mako.

Allah ya yi wa Kano wata baiwa da masu keke suka fi kowa saninta: garin shimfiɗe yake. In ka cire Dala da Goron Dutse, hawan da zai sa ka haki bai wuce na gadojin sama ba. Mai zama a Gyaɗi-Gyaɗi yana aiki a sakatariyar Audu Bako, ko mai tasowa daga Fagge zuwa Bompai, ba shi da wata hujja ta nisa. Wanda zai taso daga Rijiyar Zaki zuwa Hotoro shi ne zai zauna ya yi tunani.

Akwai kuma abin da ba a cika lissafawa ba. Mai hawa Adaidaita yana jira a bakin titi, a tsaya a cika, a sauke wannan a ɗauki wancan, wani lokaci ya sauka ya sake hawa wani. Mai keke ya san minti nawa tafiyarsa take ci, yau da gobe duk ɗaya, ko da cunkoso ko babu.

Nawa zan rage a wata?

Kai ne za ka fi ni sani. Rubuta abin da kake kashewa zuwa da dawowa a rana, ka ninka sau 22, kwanakin aiki ke nan a wata. A ce naira 1,000 ce: ka ga 22,000 ta tafi. Ga ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024, wannan kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da yake karɓa. Sai ka raba kuɗin keken da wannan adadi, za ka ga wata nawa zai yi kafin ya biya kansa. Ka ware ɗan abu don faci da mai da robar birki, ka kuma ƙara na abinci, domin mai tuƙa keke yana jin yunwa fiye da mai zama a bayan Adaidaita. Ko da an cire duk waɗannan, abin da ya rage yana sayen kwanon shinkafa da yawa.

Wane irin keke zan saya?

Iri uku ne a kasuwa. Akwai baƙin keke na iyaye da kakanni, irin su Raleigh da Phoenix, mai birkin sanda da kariya mai ƙarfi, wato wurin ɗora kaya a baya. Raleigh har masana'anta ya taɓa yi a nan Kano, kuma har yau babu mai gyaran da zai ce bai san kansa ba. Yana da nauyi, ba shi da giya, amma yana ɗaukar buhu ya ɗauki mai buhun, kuma zaman kansa a miƙe yake, baya ba ya ciwo. Aibinsa ɗaya da ya kamata a sani: in ruwa ya jiƙa wilinsa na ƙarfe, birki ba ya kamawa da wuri.

Akwai na gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Japan. Cikinsu ake samun mafi kyau, cikinsu kuma ake samun mafi ban haushi, don wani sai ya lalace ka rasa kayan gyaransa a duk faɗin garin. Kafin ka biya, ka tambayi mai gyaran unguwarku ko ana samun tayar wannan girman da sarƙarsa.

Na uku su ne sababbi masu sheƙi da araha, masu sifirin gaba da baya da giya barkatai. Waɗannan nake ce wa mutane su yi hattara da su. Sifirin yana shanye ƙarfin ƙafarka, giyar takan fara tsalle kafin a ci rabin shekara, ƙarfen kuma ba ya jure ramukan titi. Ga mai zuwa aiki a gari mai shimfiɗa, keke marar giya ko mai 'yar giya kaɗan, da madigadi da kariya da jak, ya fi masa.

In za ka sayi na hannu, tafi da mai gyara. Ku duba firem ko akwai tsaga ko walda, musamman a wuya da wurin da feda take shiga. Ku ɗaga taya ku juya ta, ku ga ko wili yana rawa. Ku matse birkin gaba ku tura keken gaba da baya, in kan yana ƙwas-ƙwas to boris ya ci. Girma ma yana da muhimmanci: in ka tsaya a tsakiyar keken ƙafafunka biyu a ƙasa, kada sandar sama ta tokare ka.

Gumi fa? Ba na son in shiga ofis ina wari.

Gumi daga sauri yake zuwa da kuma jakar goyo. Ka fito da wuri ka tuƙa kamar mai zuwa gaisuwa, kada ka bi sahun yaran da ke tsere. Ka ɗaure jakarka a kariya da robar tub, kada ka rataya ta a baya, don nan ne riga take fara jiƙewa. Minti biyar na ƙarshe ka sassauta sosai, iskar tafiya ta busar da kai kafin ka sauka.

Wanda ya yi wanka kafin ya fito, guminsa na safe ba ya wari nan take, sai ya daɗe a jikin tufa. Don haka ka tuƙa da 'yar shara ko singileti da riga mara nauyi, rigar aiki tana ninke a leda cikin jaka. Kusan duk wurin aiki a garin nan akwai wurin alwala da buta. Ka wanke fuska da wuya da hammata, ka goge da ƙaramin tawul, ka sa rigarka, ka shafa turare. Gumi kuma ba ya karya alwala, in da ita ka fito daga gida tana nan.

Zan iya tuƙi da kaftani ko babbar riga?

Kaftani da wando, ƙwarai, haka iyayenmu suka yi ta yi. Ka tattare gaban rigar ka zauna a kan bayanta don kada ta shiga taya, ka ɗaure ƙafar wandon dama da 'yar roba ko ka cusa ta cikin safa, don a wannan gefen sarƙa take. Keke mai murfin sarƙa ya raba ka da wannan damuwa. Babbar riga dai a ninke ta a kariya, a sa in an isa. Farar shadda da damina, kada ma a fara.

Mutane za su ce na talauce. Yaya zan yi da wannan?

Wannan ita ce tambayar da take ƙarƙashin sauran tambayoyin, ko da ba a furta ta ba. Na sha ganin mutum ya gama lissafin kuɗi, ya yarda da lissafin, ya sayi keken ma, sannan tunanin ranar da zai wuce ta ƙofar surukansa ya sa ya mayar da shi soro.

Gaskiya ne za a yi magana. Makon farko za a tsokane ka a majalisa, wani a ofis zai tambaye ka ko babur ɗin sayarwa ka yi. Bayan nan maganar takan mutu, don mutane ba su da lokacin da za su yi wata guda suna kallon abin hawan wani. Daga baya ma cikin masu tsokanar ake samun mai jan ka gefe yana tambayar inda ka sayo.

Rainin da ake yi wa keke ba daɗaɗɗe ba ne. A zamanin kakanninmu malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan kasuwa mai rufin asiri su ne masu Raleigh, ana goge shi ana yi masa ado, yara suna bin sa da kallo. Da kuɗin mai suka shigo aka samu babura da motoci, sai keke ya koma na mai tallan kaya da ɗan makaranta, muka ɗauki darajar mutum muka liƙa a jikin abin hawansa. A ƙasar Holan kekuna sun fi mutane yawa, kuma Mark Rutte, wanda ya yi Firayim Minista daga 2010 zuwa 2024, a kan keke ya sha zuwa ofis. Ba sai an je Turai ba ma: a Wagadugu ta Burkina Faso da Tamale ta arewacin Gana, manya da yara suna tuƙa keke zuwa harkokinsu, ba wanda yake juyowa ya kalle su.

Abin da yake ba ni takaici shi ne in ga magidanci yana cin bashin kuɗin mota kafin 20 ga wata, ana rage cefane a gidansa, duk don kada maƙwabci ya gan shi a kan keke. Maƙwabcin nan ba zai biya maka kuɗin makarantar yara ba. Abu ɗaya da na lura yana rage raini shi ne tsafta: keke a goge, mai shi cikin shiga ta kamala, yana tuƙi a natse. Irin wannan mutum ko direbobi sun fi ba shi hanya.

Titin Kano ba zai kashe ni ba kuwa?

Tsoron nan yana kan hanya, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Titunanmu ba a yi su da mai keke a zuciya ba. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, har ya riƙa hawa da kansa a Abuja, sai wata motar bas ta ture shi ya faɗa kwata. An yi ta dariya a lokacin, amma abin da ya same shi yana samun talakawa kullum ba a labari. Duk da haka, yawancin haɗurran mai keke daga wurare kaɗan suke zuwa, kuma wanda ya san su ya kauce wa mafi yawa.

Na farko shi ne ɗan Adaidaita da ya hango fasinja. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, su ne suka cika titi, kuma duk inda hannu ya ɗagu a gefen hanya, nan take zai karyo dama ba tare da ya duba madubi ba. Saboda haka idonka ya riƙa kai wa ga mutanen da ke tsaye a bakin titi. In ka ga mai shirin tsayar da abin hawa, ka san akwai wanda zai yanko gabanka, ka sa yatsu a birki tun kafin ya yanko.

Na biyu, wanda ya fi kowanne kisa, shi ne babbar mota. Direban tirela ko tifa ba ya ganin abin da ke dab da gefensa na dama, kuma in zai karya kwana, tayoyin baya suna shigowa ciki fiye da na gaba. Kada ka taɓa kutsawa tsakanin babbar mota da gefen titi, ko da a tsaye take a danja. Tsaya a bayanta, ka bar ta ta tafi. Mai bin hanyar Zariya ko ta Katsina ko yankin Sharaɗa da Chalawa ya riƙe wannan da kyau.

Na uku shi ne manne wa gefen titi. Sabon mai keke yana ganin can ne tsira, alhali can yashi yake taruwa, can fasassun kwalabe suke, can lambatu marar murfi yake, can kuma ake buɗe ƙofar motar da aka ajiye. Ka bar kamar mita ɗaya tsakaninka da gefe, ka tafi a miƙe ba tare da lanƙwasa ba. Direba ya fi iya kauce wa wanda ya san inda ya dosa.

Na huɗu laifinmu ne mu masu keke: bin hannun da ba namu ba. Mutum yana ganin gara ya fuskanci motoci ya gan su, amma mai fitowa daga lungu ɓangaren da motoci ke zuwa yake dubawa, ba ya tsammanin wani daga ɗaya gefen. Ka bi hannun dama kamar kowa, ka tsaya a danja, ka miƙa hannu kafin ka juya, ka waiga kafin ka miƙa hannun. Kada ka toshe kunnuwanka da abin sauraro, kunne shi ne madubin mai keke. Kada kuma ka kama jikin mota ta ja ka.

Da dare kuwa, keke marar fitila ba a ganinsa sam. Farar fitila a gaba, ja a baya, ga masu caji nan a kasuwa ba tsada. Riga mai haske ta fi baƙa.

Ta wace hanya zan bi?

Kada ka ɗauka hanyar da Adaidaita yake bi da kai ita ce hanyarka. Mai keke yana da lunguna da titunan cikin unguwa da mota ba ta so, kuma sau da yawa sun fi kusa. Ka ware safiyar Asabar ko Lahadi ka gwada hanyar ba tare da gaggawa ba, ka gane inda rami yake da inda mai faci yake zama. Gadar sama, in akwai hanya ta ƙasa, bi ƙasa: a sama motoci suna gudu kuma babu wurin kaucewa. Babban shatale-tale da ya rikice maka, sauka ka tura keken ka tsallaka da ƙafa. Minti biyu ne, kuma babu abin kunya a ciki.

Sai na sa hular kwano?

Ka sa. Ba ta hana mota bugun mutum, amma faɗuwar da kai zai daki kwalta ita ce take raba wanda ya tashi ya karkaɗe riga da wanda aka kwasa. Ta keke ba ta da nauyi, tana da ramukan shan iska. Hularka ta zanna ka sa ta a jaka, ka kafa in ka isa.

In taya ta yi faci a hanya fa?

Za ta yi, babu makawa. Sauƙin abin shi ne masu faci suna ko'ina. Amma da sassafe wasu ba su fito ba, don haka ka riƙe tub guda na ajiya da ƙaramin famfo da sifana. Canja tub ya fi yin faci sauri, mai hujin kuma ka kai a gyara da yamma. Kafin ka sa sabon, ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro abin da ya huda, in ba haka ba zai sake hudawa.

Yawan faci yana da dalili. Taya mai ƙarancin iska in ta daki bakin rami, wili yana cizon tub ya yi huji biyu a jere. Adadin iskar da taya take so a rubuce yake a gefenta. Sai kuma ƙayar tsidau, ga masu yanke hanya ta fili ko bayan makaranta. Tayar da ta suɗe har zare ya fito, canja ta ya fi arha a kan kuɗin facin da za ta ci.

Wace kulawa keke yake bukata?

Kaɗan ce, amma a kan kari. Kowace safiya ka matsa taya da yatsa, ka gwada birki biyun. Duk mako ka goge sarƙa da tsumma, ka ɗiga mata mai kaɗan, ka sake gogewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi mata wanka da baƙin mai: ƙura ta manne, ta zama kamar yashi tana cin haƙoran. Duk bayan 'yan watanni ka kai wa mai gyara ya sa giris a boris, ya ɗaure wayoyin wili, ya duba robar birki. Ka riƙe mai gyara ɗaya, ku saba. Wanda ya san kekenka zai gaya maka abin da ke shirin lalacewa tun bai zubar da kai ba.

Zafin bazara da hunturu da damina fa?

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40 da rana. Tafiyar safe ba matsala, in ka fita kafin rana ta ɗaga. Dawowa ce abin lura: in da hali ka bari sai bayan la'asar. Ka sha ruwa kafin ka hau, ka riƙe gora. In ka ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya, sauka ka nemi inuwa nan take. Kada ka ajiye keke a rana tsawon yini, taya da sirdi suna lalacewa.

Hunturu shi ne lokacin daɗin tuƙi, ba gumi. Sai dai ƙura: takunkumi a hanci, tabarau a ido, man shafawa a leɓe da hannu. Ranar da hazo ya yi kauri, kunna fitila ko da safe ne. Mai asma ya yi shawara da likitansa.

Damina ta fi wuya a Agusta. Ruwan garin nan yawanci yakan zo da ƙarfi ya wuce, don haka fakewa na ɗan lokaci ya fi rigar ruwa amfani. Haɗarin yana bayan an ɗauke: ruwa ya kwanta ya rufe rami da bakin lambatu. Duk ruwan da ba ka ganin ƙasansa, kada ka shiga. Ka fara taɓa birki tun da nisa, don robar ta share ruwan da ke jikin wili kafin ta kama.

Da azumi ma haka za a yi ta tuƙi?

Da yawa suna yi. Safiya tana da sauƙi, ƙarfin sahur yana nan. In azumin ya faɗo cikin zafi, ka rage gudu sosai a dawowa, ko ka hau mota a ranakun da jiki ya ƙi. Abin da na fi jin tsoro shi ne rabin awar da ke gaban magariba, lokacin da kowa yake rige-rigen isa gida da yunwa a cikinsa. Ko ka riga wannan lokacin, ko ka sha ruwa a masallacin da ke kusa ka tafi bayan titi ya lafa.

An ce keke yana kawo basir, yana kuma rage wa namiji ƙarfi.

Hawa keke ba ya haifar da basir, amma wanda nasa ya tashi zama a sirdi zai dame shi, sai ya huta har ya lafa. Game da ɗaya maganar, abin da yake faruwa shi ne sirdi mara kyau, ko wanda hancinsa ya ɗaga sama, yana danne jijiyoyin gaba har mutum ya ji wurin ya yi sanyi kamar ba nasa ba. Maganinsa a daidaita sirdin ya kwanta sosai, a zauna a kan ƙasusuwan mazaunai, a riƙa ɗan miƙewa a kan feda lokaci-lokaci. In abin bai daina ba, a canja sirdi, a ga likita.

Ciwon gwiwa kuma yawanci daga sirdin da ya yi ƙasa ne. Ka zauna ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe sosai. Ciwon mazaunai na makon farko yana wucewa da kansa.

Ribar ta fi wannan duka yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Mai tuƙin minti 20 zuwa, 20 dawowa, kwana biyar, ya yi 200 ba tare da ya ware lokaci ko ya biya kowa ba. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ko ciwon suga ya fara jin ta bakin likita kafin ya soma.

Ɓarayi fa?

Kwaɗon da ke maƙale a tayar baya ba ya hana a ɗauki keke a jefa a Adaidaita. Ka sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau, ka zagaya ta cikin firem da taya, ka haɗa da ƙarfen da ba ya ciruwa. A wurin aiki ka gaisa da maigadi, ka ajiye inda idonsa yake kaiwa. A masallaci ma ka kulle. Ka ɗauki hoton keken da lambar da ke jikin firem, ka adana rasit. Waya kuma ta zauna a aljihun ciki, kada ka amsa kira kana tuƙi. Masu ƙwacen waya sun fi samun dama a lungu mai duhu, don haka hanyar dare ta zama mai haske da jama'a ko da ta fi nisa.

Ni mace ce. Akwai wuri a gare ni a wannan magana?

Hajiya, kin fi ni sanin yadda garin yake: yarinya tana hawa keke a unguwa, amma da ta girma sai a ce ya isa, kuma wadda ta fito titi za ta sha kallo da magana. Wannan al'adar wuri ce, don a Wagadugu mata da zanensu da goyonsu suke tuƙawa zuwa kasuwa da ofis. In kin yi shawara da mutanen gidanki kuka ga ya dace, akwai keke marar sandar sama da ake hawa ba tare da ɗaga ƙafa ba, mai murfin sarƙa da raga a tayar baya. Ki kula da bakin hijabi da na zane kada su kai ga wayoyin wili. Cikin harabar jami'a ko asibiti ko rukunin gidaje ya fi sauƙin farawa. Ko da ba ki hau ba, keken da maigida ko ɗanki zai hau ya bar kuɗi a gida.

Zan iya sauke yara a makaranta a kan hanyata?

Yaro ɗaya, a kan kariya mai matashi da wurin ɗora ƙafa, ta hanyar cikin unguwa. Raunin da aka fi gani shi ne ƙafar yaro ta shiga wayoyin taya, don haka a sa masa takalmi a kuma rufe gefen tayar. Yara biyu ko uku a babban titi, ban yarda da shi ba.

Keke mai lantarki ya fi?

Ga mai nisa ko mai shekaru, yana taimakawa ƙwarai. Amma kuɗinsa ya ninka na keke sau da yawa, batirinsa yana tsufa a canja shi da tsada, yana son wutar caji, kuma masu gyaransa ba su kai na keke yawa ba. Gudunsa ma yana sa faɗuwa ta fi muni. In tafiyarka ba ta kai kilomita 8 ba, ƙafarka ta isa.

Me hukuma da wuraren aiki za su iya yi?

Shugaban ma'aikata ba ya bukatar kasafi mai yawa: rumfa mai inuwa kusa da maigadi, ƙarfen ɗaure keke, da ɗan ɗakin canja riga. Bashin keke da za a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga albashi zai fi wasu tallafin da ake rabawa amfani. Gwamnati kuwa, duk sabon titi da za a shimfiɗa a ware wa keke gefensa da shinge na kankare, domin fenti kaɗai ba zai hana a mayar da wurin tasha ko kasuwa ba. A rufe lambatu, a kwashe yashin gefen titi, fitilun titi su yi aiki. Tamale ta ware wa kekuna hanya a gefen wasu manyan titunanta, kuma ba ta fi Kano arziki ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 3 ga Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya tun 2018, jami'ai sukan fito su yi zagaye a ranar. Zan so KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, da Hukumar Kiyaye Haɗurra su mayar da hankali ga koya wa direbobin haya barin tazara in za su wuce mai keke, don wannan ne yake shafarmu kowace safiya.

Yaushe ya kamata in bar keken a gida?

Ranar da kake zazzaɓi ko ba ka samu barci ba. Ranar da hadari ya haɗu da iska mai ƙarfi. Ranar da birki bai kama ba kuma ba ka samu mai gyara ba. Ranar da za ka kai dare a wurin da hanyarsa ba ta da tsaro. Sabon farawa kuma kada ya ce sai kwana biyar tun makon farko: ya fara da biyu ko uku, ya ƙara a hankali yadda jiki ya karɓa. Kuɗin motar waɗannan ranakun ka ware su tun farkon wata daga cikin abin da keken ya rage maka.